Allurar Baya: Abin da Ya Kamata Manomi da Iyalinsa Su Sani

Darasinmu na wannan fitowa a kan allurar da ake yi wa mutum a ƙasan baya ne, wadda jama'a ke kira allurar baya. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mata da dattawan gida.

Dalilin wannan darasi

A ranin da ya wuce ina zagayen duba azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Gaya. A wani aji, bayan an tashi, wani dattijo ya ja ni gefe. Ya ce: "Malam, ina da tambaya. Surukata ta kwana biyu tana naƙuda. Da muka kai ta asibiti aka ce sai an yi mata aiki, kuma za a yi mata allura a baya. Na hana, don mun ji an ce mai allurar baya ba ya sake tafiya. Sai da rana ta yi tsaka na yarda. Uwar ta tashi, amma jaririn bai zo da rai ba. Malam, laifina ne?"

Na ce masa: "Baba, rai na Allah ne, kuma don ƙauna kuka hana. Amma jinkiri a wajen naƙuda yana da haɗari ƙwarai. Abin da ya rage mana shi ne mu koya, kada wani gida ya sake faɗawa cikin irin wannan."

A wannan ajin kuma akwai wani ɗan dako da ya ce shi allurar bayan yake nema ido rufe, don kwankwasonsa ya hana shi barci. Kun ga mutum biyu ke nan: ɗaya na gudunta a lokacin da ake bukatarta, ɗaya na nemanta alhali ba ita ce maganinsa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu bi abin daki-daki.

Yadda Allah ya gina bayan ɗan'adam

Ku shafa tsakiyar bayanku, za ku ji ƴan ƙasusuwa a jere, ɗaya bisa ɗaya. Su 33 ne. Guda 7 na wuya, 12 na ƙirji, 5 na kwankwaso. Sauran 9 na can ƙasa, galibinsu a manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Shi ke hana ƙasusuwan gugar juna.

A tsakiyar waɗannan ƙasusuwa akwai kafa doguwa, daga ƙeya har ƙasa. Cikinta laka take. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya ga laka: farin abin nan mai taushi da ke cikin ƙashin baya. Lakar tana cikin wata jaka mai ruwa garai-garai, kuma daga jikinta jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa, da ciki, da ƙafafu.

Jijiyoyin nan su ne ƴan aike na jiki. In ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa, jijiya ce ke kai labari ga laka, laka ta kai ga ƙwaƙwalwa, sannan ka ji zafi. In aka tare ɗan aiken a hanya, labari ba ya isa, zafi kuwa ba ya zuwa. Aikin allurar kashe zafi ke nan: tana sa jijiya barci na ɗan lokaci. In ƙarfin maganin ya ƙare, jijiyar ta farka ta ci gaba da aikinta.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. A jikin babban mutum, laka tana ƙarewa ne wajen ƙashi na 1 ko na 2 na kwankwaso. Ma'aikacin asibiti kuwa yana sa allurarsa ƙasa da nan, tsakanin ƙashi na 3 da na 4, ko na 4 da na 5. Wato ana yin ta ne a wurin da laka ta riga ta ƙare.

Allurar baya iri uku ce

Jama'a na haɗa su duka da suna ɗaya, amma aikinsu daban-daban ne.

Ta farko: allurar kashe rabin jiki don tiyata

Wannan ita ce aka fi yi a asibitocinmu, irin asibitin gundumar Gaya da babban asibitin jihar Doso. Ana yin ta in za a fitar da jariri ta hanyar tiyata, ko aikin gwaiwa da ƙaba, ko aikin mafitsara, ko karayar ƙafa.

Ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Jamus mai suna August Bier ya fara yin tiyata da ita a garin Kiel a shekarar 1898. Shi da mataimakinsa sun gwada ta a jikinsu. Mataimakin an buga masa guduma a ƙwauri bai ji zafi ba, amma daga baya su biyun sun yi kwanaki suna fama da ciwon kai. Tun daga wancan lokaci an gyara allurar ta zama siririya ƙwarai, an kuma samo magunguna masu kyau. Wanda aka fi sawa yanzu sunansa bufibakayin.

Ga yadda ake yin ta:

1. Ana auna jini, a sa wa mutum ƙarin ruwa a hannu.
2. Ana zaunar da shi ko a kwantar da shi ta gefe, ya sunkuyar da kai, ya lanƙwasa baya, don ƙasusuwan su buɗe.
3. Ana wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai yin allurar yana sa safar hannu mai tsabta.
4. Ana sa allurar a zuba magani kaɗan, bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, sannan a zare ta. Ba a barin kome a ciki.
5. Cikin minti 5 zuwa 10 ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, mutum ya daina jin zafi daga ciki zuwa ƙasa.

Mutum yana farke, yana numfashi da kansa, yana iya magana. Zai ji ana taɓa shi ko ana ja, amma babu zafi. Mai haihuwa takan ji kukan jaririnta da kunnenta, kuma takan ba shi nono da wuri. Bayan awa 2 zuwa 4 ƙafafu su fara motsi, ji ya dawo a hankali. Ga yawancin masu ciki, likitoci sun fi son wannan hanya a kan maganin da ke sa barci gaba ɗaya, don ta fi sauƙin haɗari ga uwa da ɗa.

A shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar yin tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, don kada rashin kuɗi ya kashe mace. To, kada kuma mu bari tsoron allura ya yi abin da aka hana talauci yi.

Shin tana da illa? Babu magani marar illa, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Jini yakan sauka, mutum ya ji jiri ko tashin zuciya. Don haka ne ake sa ruwa, ake ta auna jini. Wasu sukan yi rawar ɗari. Wasu fitsari yakan ƙi fita na ƴan awoyi. Wurin allurar yakan yi tsami kwana biyu ko uku. Wasu kaɗan sukan yi ciwon kai mai ƙaruwa in an tashi zaune, mai raguwa in an kwanta. Yakan wuce cikin mako guda, amma a gaya wa likita. Shanyewar ƙafa ta dindindin kuwa abu ne da ba safai ake ganinsa ba a hannun wanda ya koyi aikin.

Mata da yawa sukan ce: "Tun da aka yi mini allurar baya kwankwasona bai sake daidai ba." Binciken likitoci ya nuna ciwon baya bayan haihuwa yana samun wadda aka yi wa allurar da wadda ba a yi wa ba. Nauyin ciki na wata 9, da goyo, da daka, da ɗaukar ruwa tun jiki bai warware ba, su ne suka fi jawo shi. Maigida, ka rage wa mai jego aiki, ka ga bambanci.

Ta biyu: allurar rage ciwon kwankwaso da ke sauka ƙafa

Wani lokaci faifan nan mai taushi yakan tsage ya bulluƙo, ya danne jijiya. Sai mutum ya ji ciwo kamar wuta, daga kwankwaso ya bi ɗuwawu, ya bi bayan cinya, har dunduniya. Tari ko atishawa na ƙara shi. Wannan jijiya ita ce mafi girma a jikin mutum.

In ciwon ya yi tsanani, ya ƙi jin ƙwayoyi da motsa jiki, ƙwararren likita yana iya zuba maganin kashe zafi haɗe da maganin rage kumburi kusa da jijiyar, a wajen jakar laka. Likitocin Faransa sun fara zuba magani a wannan wuri tun 1901. Aiki ne na manyan asibitoci, kuma an fi yin sa ana kallon hoton ƙashi a na'ura, don allurar ta je daidai.

Ku lura da abu huɗu game da ita:

1. Tana rage ciwo na ƴan makonni ko ƴan watanni. Ba ta gyara faifan da ya tsage.
2. Amfaninta shi ne mutum ya samu barci, ya samu damar tafiya da motsa jiki har jikin ya warke da kansa. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ko ba allura.
3. Ba a yawaita ta. Galibi ba a wuce sau 3 ko 4 a shekara. Tana kuma tada sukari ga mai ciwon sukari.
4. Ba ita ce maganin ciwon kwankwaso na gajiyar noma da dako ba.

Ko a ƙasashe masu arziki, in tsabta ta kuskure ana shiga uku. A shekarar 2012 a Amurka, wani gurɓataccen magani da aka yi wa mutane allurarsa, yawanci a baya, ya sa fiye da mutum 750 rashin lafiya, fiye da 60 suka mutu. In haka ta faru a can, me kuke zato ga allurar da aka yi a rumfar kasuwa?

Ta uku: ɗibar ruwan baya

Wannan ba ta zuba magani. Ɗibar ruwa kaɗan ake yi daga jakar laka a auna, don a gane ko sanƙarau ne, kuma wane iri ne. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla da rani, lokacin ƙura da zafi. A annobar 2015, wadda ta fi taɓa Yamai da jihohin Doso da Tilaberi, fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu.

Wasu iyaye sukan ce ɗibar ruwan ce ke kashe yaro. Gaskiyar magana, yaran da ake ɗibar wa ruwa su ne waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, sau da yawa don an makara kawo su. Ruwan da aka ɗiba jiki na mayar da shi cikin ƴan awoyi. In yaro na zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, a garzaya asibiti a ranar.

Allurar kasuwa da ƙwayoyin bisa tire

Ƙasarmu ta Gaya ƙasar aiki ce. Muna dashen shinkafa a sunkuye. Muna saran rake, muna haƙar rogo da dankali a fadamun Bengu da Bana. Mata na dafa gishiri a Foga. Matasa na dakon buhu mai kilo 50 ko 100 a tasha da bakin ruwa, ga kasuwancin Malanbil da Kamba. Da aka rufe gadar Gaya a 2023, kaya da yawa sun koma kwalekwale da kafaɗar ƴan dako. Dole kwankwaso ya yi kuka. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon kwankwaso a shekarar 2020.

Abin baƙin ciki, da yawa daga cikinmu wurin mai tallan magani suke zuwa. Ga haɗarin da ke ciki:

Allura a ɗuwawu. Babbar jijiyar nan ta ƙafa ta cikin ɗuwawu ta bi. Ma'aikacin asibiti ya san wurin da ake sa allura, can sama ta gefen waje. Ƙaramin yaro kuwa a cinya ake yi masa. Wanda bai koya ba yana iya soke jijiyar, ƙafa ta saki, mutum ya riƙa jan ta. Ni da idona na ga yaro ɗan shekara 6, ɗan wata ɗalibarmu, da aka yi wa allurar zazzaɓi a gida. Zazzaɓi ya tafi, ɗingishi ya zauna. Yawancin labaran "allura ta shanye ƙafa" daga irin wannan suka fito, sai aka ɗora wa allurar asibiti laifi.

Allura ɗaya ga mutum biyu. Tana yaɗa ciwon hanta da sida, tana kawo ƙurji mai ruwa.

Dikulofenak da danginsa. Suna rage ciwo, amma shan su kullum yana ƙona tumbi ya kawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa sosai.

Taramol. Yana rufe ciwo, mutum ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, ɓarna ta ƙaru. Yana kama mutum har ya kasa bari, kuma yawansa na kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 game da daɗaɗɗen ciwon kwankwaso, ba ta goyi bayan amfani da dangin taramol a matsayin magani na yau da kullum ba. Ta fi ba da ƙarfi ga ilimantar da marar lafiya, da motsa jiki, da tausa.

Alamomin da ba a kwana da su

In ciwon baya ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan da nan:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida na zuba ba a sani ba.
2. Tsakanin cinyoyi ya mutu, ba a jin taɓawa.
3. Ƙafa na rasa ƙarfi, ko ana jan ta.
4. Zazzaɓi, da rama, da zufar dare, ko wani ƙashi ya fara turowa kamar ƙusumbi. Yana iya zama tarin tibi ne ya kama ƙashin baya. Yana warkewa in an sha magani watannin da aka ce, ba fashi.
5. Ciwon ya fara ne bayan faɗowa daga giginya ko mangwaro, ko haɗarin babur. Irin wannan a ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi cikin amalanke.
6. Jini ko zafi a fitsari. Yana iya zama ƙoda ko tsargiya, wadda ke damun masu aiki cikin ruwa.

Hanyar ita ce: a fara da CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa asibitin Gaya, daga nan Doso, daga nan Yamai. A adana takardun, a tafi da su.

In an ce za a yi maka allurar baya

Ka faɗi gaskiya game da duk abin da kake sha, har da na gargajiya da taramol. Ka faɗa in jininka na daɗewa bai tsaya ba, in akwai ƙurji a bayanka, ko in wani magani ya taɓa ɓata maka jiki. In aikin na shiri ne, kada ka ci abinci awa 6 kafin lokacin, ko yadda aka umurce ka. Lokacin allurar ka tsaya cak. Bayan aiki kada ka sauko daga gado kai kaɗai sai ƙafa ta dawo sosai. Ka yi tambaya in ba ka gane ba, matambayi ba ya ɓata.

Magidanta, ku tattauna wannan magana da iyayenku da matanku tun ciki na ƙarami. In maigida zai tafi cin rani, ya bar izini, ya faɗi wanda zai sa hannu in bukata ta taso da dare.

Rigakafi ya fi magani

In za ka ɗaga buhu, ka durƙusa da gwiwa, ka rungumo shi kusa da jiki, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Buhu mai kilo 100 na mutum biyu ne. Ka sa wa fartanya ƙota mai tsawo daidai da kai. A wajen dashe ko noma, ka riƙa miƙewa lokaci-lokaci, ka dafa ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya. A yi amfani da amalanke da baro inda ya yiwu. Yara kada a ɗora musu kayan manya. In ciwon gajiya ya kama ka, ka rage aiki mai nauyi ƴan kwanaki, ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi, amma kada ka kwanta mako guda. Tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin warkar da baya.

Tambayoyi don aji

1. Ƙasusuwa nawa ne a kwankwaso, kuma a ina laka take ƙarewa?
2. Faɗi ire-iren allurar baya guda uku da aikin kowace.
3. Awa nawa ƙafa ke yi kafin ta farka bayan allurar tiyata?
4. Rubuta alamomi uku da ba a kwana da su.
5. Lissafi: ɗan dako ya ɗauki buhu 24 masu kilo 50 a yini. Kilo nawa bayansa ya ɗauka?

Malaman aji, ku gayyaci ma'aikacin CSI ko ungozoma su zo su amsa tambayoyin ɗalibai. Dattijon da na ba ku labarinsa shi ya roƙe ni in rubuta wannan darasi, kuma ya ce shi zai karanta wa mutanen garinsu da bakinsa. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a gonakinmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.